Shekara 3 ina jinyar Dada, yanzu ƙarfina ya ƙare

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a cikin garin Gombe, shekarata 42, 'ya'yana 4, kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, ta haura shekara 75, yau shekara 3 ke nan tana hannuna. Abin ya faro ne da mantuwa, ta ɗora tukunya ta manta da ita, ko ta yi sallar azahar sau biyu. A lokacin tana gidan babban wanmu, Hamma, sai ta fara cewa matarsa na ɗauke mata kuɗi da zannuwa, har rigima ta yi yawa, na roƙi maigidana ya yarda na ɗauko ta. To yanzu ni ce ɓarauniyar. Wani lokaci takan dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ina masu gidan?" Da la'asar sakaliya sai ta ƙulle kayanta a zani ta ce za ta tafi Dukku, mahaifinmu Baffa na jiranta, alhali shekara 11 ke nan da rasuwarsa. Kwanan baya ta fice ba mu sani ba, wani mai Keke Napep ne ya tsince ta wajen Tashar Dukku. Da dare ba ta barci, ni ma ba na yi, ga wankin fitsari kullum, ga makaranta da safe. Hamma ya koma Abuja da aiki, yakan turo kuɗi idan ya tuna, in na kai kuka sai ya ce ai jiya ma sun yi waya, lafiyarta ƙalau, in yi haƙuri aljanna nake nema. Ɗaya wan nawa yana Bauchi, shi a ganinsa sammu ne. Ƙanwarmu tana aure a Kumo, ga ta da goyo. Maigidana ya yi haƙuri, amma ya fara cewa ya rasa matarsa. Makon jiya ta zubar da abinci karo na biyu, na daka mata tsawa na fizge kwanon, ta tsugunna tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Tun ranar ban sami natsuwa ba. Akwai daren da na ji a raina da ma Allah ya ɗauke ta kowa ya huta, na tashi ina ta istigfari. Anti, shin na zama mai saɓa wa uwa? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ba Dada sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan abin da kike yi. Zan fara da tambayarki ta farko, domin na lura ita ce take hana ki barci ko da a daren da Dada ta runtsa. Wadda ta durƙusa gaban mijinta ta roƙi a ba uwarta masauki, ta shekara 3 tana wanke mata zani tun kafin asuba, ba ta cikin masu saɓa wa iyaye. Tunanin da ya zo miki a wancan dare kuwa, da wuya ki sami mai doguwar jinya irin wannan da bai taɓa ɗarsa masa ba, sai dai ba kowa ne yake da ƙarfin halin faɗa ba. Abin da zuciyarki ta nema shi ne ƙarshen wahala, taki da tata, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata shi ko an furta shi ba.

Sai dai ba zan ce miki tsawar nan ba komai ba ce. Ki rungume ta ki nemi gafararta, ko da ta riga ta manta, domin ke ba ki manta ba. Bayan haka ki ɗauki abin a matsayin gargaɗi. Mutumin da ya yi watanni ba ya samun barcin kirki, haƙurinsa yana sirancewa ne kamar igiyar guga, kuma ba ya sanin ranar da za ta tsinke. Yau kwano kika fizge, idan aka ci gaba a haka wata rana hannunta ne za ki fizga, ke da ba halinki ba ne. Istigfari yana share laifi, amma ba ya biyan bashin barci. Saboda haka duk abin da zan faɗa daga nan ya ta'allaƙa ne a kan abu guda, wato yadda za a sauke miki wani sashe na kayan nan, domin kayan mutum huɗu ne aka ɗora wa mutum ɗaya.

Abin da muke kira gigin tsufa, mu ɗauka cewa haka duk tsufa yake, likitoci sun san shi a matsayin ciwo na ƙwaƙwalwa, cutar mantuwa, kuma tsofaffi da yawa suna kai wa 90 da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne suke fama da ita, sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki irin tamu, kuma mata ne suke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar. Mafi yawanta ita ce wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke mutuwa sannu a hankali. Akwai kuma wadda toshewar jijiyoyin jini take haifarwa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan hali a aya ta 70 ta Suratun Nahli, inda ya yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ciwon yana fara cinye sabon abu ya bar tsoho, shi ya sa Dada ta manta abincin da ta ci ɗazu amma tana riƙe da hanyar Dukku.

Zancen sata ma daga nan yake. Takan ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa don tsoron kada su ɓata, ta manta ta ɓoye, ta lalubi bakin zani ba ta ji komai ba, sai ƙwaƙwalwar ta cike giɓin da bayanin da ya fi sauƙi, cewa wani ne ya ɗauka, kuma wanin nan kullum shi ne wanda ya fi kusa da ita. Wannan ya kawo ni ga wata da kika ambata a taƙaice, matar Hamma. Yanzu da aka mai da ke ɓarauniya, kin san abin da ta ɗanɗana, kuma ina kyautata zaton a wancan lokaci wasunku sun ɗan gaskata Dada. Ki kira ta, ki ce mata kin gane, ki ba ta haƙuri a madadin dangi. Haƙƙinta ne, sannan babu wanda zai iya fahimtar da Hamma halin da ake ciki kamar matar da ta zauna da Dada a tsakar gida ɗaya.

Shi Hamma ban ɗauke shi mugu ba, kuma ba ƙarya yake yi ba da ya ce ya ji ta lafiya. Gaisuwarmu doguwa ce, kuma harshe ya haddace ta tun yarinta. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, Allah ya yi albarka, duk wannan tsohuwar da ba ta san ranar da ake ciki ba za ta iya jero shi tsaf na minti 3, ta ajiye waya ta tambaye ki wane ne ya kira. Na ga wannan da idona a kan goggona, wadda baƙi suke fita daga ɗakinta suna cewa sharri muke yi mata, alhali da fitarsu take neman takalminta a cikin tulu. Ga kuma wani abu, ɗa namiji da yake nesa sau da yawa ya fi son ya gaskata muryar waya, domin yarda da maganarki na nufin yarda cewa uwar da ya sani tana tafiya. Don haka kada ki ƙara yi masa gardama ta waya. Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru na mako 2, ƙarfe nawa ta tashi, sau nawa aka canja shimfiɗa, me aka saya kuma nawa. Sannan ki roƙe shi ya zo ya kwana 2, ba a masauki ba, a kan tabarma a ƙofar ɗakin Dada. Kalmar haƙuri tana da araha a bakin wanda ya yi barcinsa ya ƙoshi. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i da ake yawan karanta miki kan kyautata wa iyaye ba sunanki kaɗai ta kira ba, kuma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, ba kyauta ce da ake yi idan an tuna ba.

Wan naki na Bauchi kuwa, kada ki ɓata ƙarfinki wajen rushe masa zancen sammu. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su hana zuwa asibiti, hasali ma sautin karatu yana kwantar wa irin su Dada hankali. Ki gindaya sharaɗi kawai, cewa ba za a turara mata hayaƙi ba, ba za a ɗaure ta ko a doke ta da sunan fitar da iska ba, ba za a ɗura mata jiƙon da ba a san abin da yake ciki ba. Sannan ki ba shi aiki. Tsakanin Bauchi da Gombe kusan kilomita 150 ne, ana zuwa a koma a yini guda, saboda haka shi ya dace ya riƙa kai ta ganin likita, ya ji bayani da kunnensa.

Ban ga inda kika ce likita ya taɓa duba ta a kan wannan matsala ba, kuma wannan shi ne abin da za a fara gyarawa. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da yake nan Gombe, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa, kada sunan sashen ya ba ku kunya. Ki tafi da littafin nan da dukkan magungunan da take sha, har na gargajiya. Dalili shi ne akwai abubuwan da suke kwaikwayon cutar mantuwa ko su tsananta ta, kuma suna jin magani, kamar ƙarancin sinadarin bitamin B12, da raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, da ciwon damuwa, da raunin ji ko gani. Ciwon mafitsara kaɗai yana iya ruɗa tsoho cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa duk ranar da kika ga ta rikice farat ɗaya fiye da yadda kika saba, asibiti za ki nufa. Gaskiyar da ya kamata ku shiga da ita ita ce har yanzu babu maganin da yake warkar da cutar Alzheimer. Akwai irin su donepezil da memantine da suke ɗan rage alamomin ga wasu na wani lokaci, likita ne zai ce ko sun dace da ita. Abin da nake roƙon ki da babbar murya shi ne kada ki sayi maganin barci a kemis ki ba ta, ko da wata ta rantse miki ya yi wa tsohuwarta aiki. Diazepam, da magungunan mura masu sa barci irin su Piriton, suna ƙara wa tsoho ruɗewa, suna sa shi faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum ne har ƙarshe.

Bayan an ji ta bakin likita sai a yi zama. Kada a yi shi a zauren WhatsApp na dangi, inda kowa zai turo addu'a ya wuce. Ki nemi babba wanda yayyenki suke jin nauyinsa, kawunku idan yana raye ko wani dattijo a dangin Baffa, ya tara ku huɗu a ɗaki ɗaya. Ki shiga da lissafi a rubuce, abinci, sabulu, famfas na manya, leda ta katifa, magani, kuɗin mota, kuma ki guji tone-tonen wane ya yi wane bai yi ba, domin da zarar an shiga nan zama ya watse. Abin da za ki nema a fito da shi guda biyu ne, adadin kuɗi da ranar da zai riƙa shigowa kowane wata, da kuma sunan wanda zai karɓe ki a ranaku sanannu. A ganina mafi amfani a cikin duk abin da kuɗin zai yi shi ne a ɗauki mace mai hankali, dattijuwa daga dangi ko unguwa, wadda za a riƙa biya ta kwana da Dada aƙalla dare 4 a mako. Ƙanwarku, duk da goyo, tana iya zuwa daga Kumo ta yi Asabar da Lahadi sau ɗaya ko biyu a wata idan an nemi yardar mijinta da girmamawa. Idan aljihun kowa ya gaza, kuma Dada tana da gona ko dabbobi a Dukku, babu aibi a yi mata hidima da dukiyarta, da sanin kowa da shaidu da rubutu. Ban ga hikimar adana wa magada abin da mai shi take buƙata a yau ba.

Wataƙila wani ya kawo shawarar a riƙa zagayawa da ita, wata 3 a nan wata 3 a can. A ido adalci ne, amma ga mai cutar mantuwa kowane sabon gida sabuwar ɓata ce, ba ta san inda bayi yake ba, ba ta san fuskokin ba, sai firgita ta ƙaru. Ya fi kyau ita ta zauna wuri ɗaya, masu jinya su riƙa zagayowa. Idan kuma ta bayyana cewa gidanki ba zai iya ci gaba da ɗauka ba, a mayar da ita gidan ɗaya daga cikin maza ko gidan gado tare da mai kula da ita, sau ɗaya, ki riƙa zuwa. Yin haka ba yar da uwa ba ne. Aikinki kuwa kada ki ajiye shi cikin zafin gajiya, domin shi ne albashinki, kuma su ne awannin da kike zama mutum a cikin mutane. Gara ki nemi hutu na ɗan lokaci.

Maigidanki ya yi abin da ba kowane namiji zai yi ba, ya zauna da surukarsa a gida ɗaya, da duk nauyi da kunyar da take tsakaninsu a al'adarmu. Da ya ce ya rasa matarsa, ni kewa na ji a maganar, ban ji kora ba. Ki gode masa da baki, a fili, ki nuna masa tsarin da kike son kai wa zaman dangi, ki nemi ra'ayinsa tun kafin a zauna, domin gidansa ne. Daren farko da mai taya ki kwana ta fara aiki, ki yi barci. Na biyu ki ba shi hira. Yara kuma a gaya musu cewa kakarsu ba ta da lafiya ne, kada su yi mata dariya kuma kada su riƙe maganarta, su taya ta zama da rana, amma kada a mayar da babbar 'yarki mai jinyar dare.

Kafin duk wannan ya kankama, akwai abin da zai rage miki wuya daga gobe. Rikicewar da take yi da la'asar sananniyar alama ce ta wannan ciwo, takan taso idan haske ya fara ja baya. Ki kunna fitila tun kafin almuru, ki sa ta sha hantsi da safe, a rage mata barcin rana, a daina ba ta shayi da goro bayan azahar. Idan ta ƙulle kaya, kada ki tare ƙofa kina cewa Baffa ya rasu, domin duk sanda kika faɗa sabuwar ta'aziyya ce a wurinta. Ki ce mata ba ya nan, wanda gaskiya ne, ki ce ta zauna a ci abinci tukuna, ki miƙa mata faifai da wake ta tsince ko gyaɗa ta ɓare, ki tambaye ta yadda ake dama fura a gidansu. Hannu yana tuna abin da kai ya manta. Idan ta ce an yi mata sata, ki ce mu nema tare, ki kuma gane maɓoyarta biyu ko uku. A ɗaga sakatar ƙofar waje zuwa sama inda idonta ba ya kaiwa, a rataya ƙararrawa, a ɗinka lambar wayarki a cikin hijabinta, a sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi da mai unguwa. Kulle ta ita kaɗai a ɗaki kuwa haɗari ne. Ki riƙa kai ta bayi duk bayan awa 2 ko 3 ba sai ta nema ba, wanki zai ragu. Sallarta kuma ki bar ta yadda ta yi ta, ko raka'a nawa ce, kada a matsa mata da azumi, domin an ɗage alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe.

Saura ke. Ranar da za a kai Dada asibiti ki yanki kati ke ma, a gwada jininki da suga, ki gaya wa likita watanni nawa kika yi ba ki yi barcin awa 5 a jere ba. Idan kin lura kuka yana zuwar miki ba dalili, abinci ya fita daga ranki, ko kin fara jin ke ce ya kamata ki bar duniya, ki faɗa masa a ranar ba tare da kunya ba, domin ciwon damuwa yana yawan kama masu jinya kuma yana da magani. Lokacin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma suna da haƙƙi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi Salmanu ya yi gaskiya. Akwai kuma wani baƙin ciki da ba a zaman makoki dominsa, na 'yar da uwarta take kallonta ta kira ta baiwar Allah. Ki sami aminiya ɗaya da za ki riƙa faɗa wa wannan, wadda ba za ta katse ki da wa'azi ba. Idan Dada ta sake tambayar ki ina masu gidan, ba sai kin tsaya tuna mata ko ke wace ce ba, ki ce ga ni, Dada, ki kama hannunta ku zauna.

Ki sayi littafin yau, ki kira kawunku kafin Juma'a, sannan ki sake rubuto mini bayan zaman, ina son in ji abin da Hamma ya ce bayan ya kwana a kan tabarmar nan.